Dabinon Ɗan Talata

Ɗan Talata ya saki guga cikin rijiya, ya jawo shi da hannu ɗaya don dai 'yarsa ta gani. Rabin ruwan ya zube masa a ƙafa kafin ya kai fangalin albasa, amma ko dubawa bai yi ba. Ya ce mata in ta koma ta faɗa wa wanta Nafi'u abin da idonta ya gani: mai jan guga da hannu ɗaya ba shi ake ɗauka a kai Damagaram a jingine a ɗaki kamar buhun gero ba.

Rumasa'u, autarsa, tana zaune kan kututturen goriba da takalmanta a hannu. Jiya ta sauka Gure, bayan ta keto daga Faransa ta Yamai ta Damagaram, yau ɗin nan kuma za ta juya. Kar ɗin da ke fitowa daga Difa, babbar motar fasinja, yana tsayawa bakin guduro, wato kwalta, bayan la'asar, Nafi'u kuwa ya riga ya sa an kama kujera biyu a ciki, ɗaya tata, ɗaya ta tsohon. Ya share ɗaki a gidansa, ya sa katifa, har da fanka. Ya san in ya zo da kansa zagi zai sha ya koma, shi ya sa ya turo mai sunan mahaifiyar tsohon, wadda ba a taɓa jin ya ɗaga wa murya ba, wadda ko sunanta ba ya kamawa, sai dai Uwata.

Duk wannan hayaniya wai don an tsince shi kwance a bakin rijiyar nan watan jiya. Wasu mata masu neman itace ne suka gan shi, suka yi ta salati, aka aza shi a amalanke zuwa gidan likita. Shi dai abin da ya sani, jiri ne ya ɗan ɗebe shi ya kishingiɗa. In an ce masa tun hantsi yake kwance har rana ta karkata, sai ya ce to ina laifi, mutum da garkarsa ba zai yi barci inda ya ga dama ba?

Yaran yanzu ba su san da wa suke magana ba. Wannan fa shi ne Ɗan Talata da ya ga manyan yunwa ya binne su da hannunsa. Shekarar da shanu suka zube daga nan har Alakos, kowa ya ɗaura kaya ya kama hanyar kudu, shi ya zauna. Ya tona gidan tururuwa ya kwashe musu hatsi, ya sussuke ƙarangiya aka yi tuwo da ita, ya jiƙa anza har ɗacinta ya fita. Da ciyawa ta ƙare ƙaf, ya hau bukkarsa ya kwance jinka ya ba saniyarsa, shi da matarsa Hamsatu suka koma kwanan sarari, saniyar kuwa ta ga damina. Waɗanda suka gudu, wasu sun dawo da kunya, wasu har yau ba labari. To, sa'o'insa na kwarin nan duk ƙasa ta rufe su, Hamsatu ma ta bi su. Yanzu in ya gama ban ruwa da safe, dabinai yake ba labarin nan. Su dai ba su taɓa ce masa sun sha ji ba.

Ya aje guga, ya zauna nesa da ita kaɗan yana mai da numfashi ta hanci don kada ta ji haki. Da ya ga za ta buɗe baki da zancen tafiya, sai ya riga ta. Ya ce ta gaya masa ainihin aikin da take yi a can, don a bencin Ɗan Kasuwa mai shayi an dame shi da tambaya duk ranar kasuwa. Ya taɓa ce musu ita ke duba cikin manyan Faransa in sun ƙware da abinci, ya taɓa ce musu allurai take haɗawa. Yanzu yana son ya ji gaskiyar, ko ƙarin gishirin nasa ya sami inda zai zauna.

Ta yi dariya, irin wadda ba ta yi ba tun saukarta. Ta matso, ta ciro salula, ta yi masa inuwa da mayafinta. Ya kai abin har bakin hancinsa, don idon nan ya daɗe da yin hazo, ko da yake shi cewa yake hasken duniya ne ya ragu. Ya ga duhu, a cikin duhun kuma wani ɗigo kore kamar idon mage.

Ta ce masa jikin mutum, da na saniya, da na dabino, duk da ƙananan ƙwayoyi aka gina su, waɗanda ido ba ya gani sai da na'ura. Ita kuma da ƙwayar yis take aiki, yis ɗin da masu burodi ke sa wa ƙulli ya kumbura. A ɗakin bincikensu na inibarsite sukan ciyar da ƙwayoyin har su ƙoshi, sannan su janye abincin gaba ɗaya, su zauna su ga yadda za su yi.

Ɗan Talata ya ce wannan ai mugunta ce, amma ta ci gaba.

Ta ce ƙwayar ba ta gudu, ba ta da kudun da za ta je. Sai ta juya ta ci daga cikin gidanta. Ya duba, ɗigon nan kore ya fara buɗewa, ya zama kamar ɗan ƙoƙo, ƙoƙon yana faɗi, bakinsa yana lanƙwasowa, har ya haɗe ya zama kamar ƙwai. Ta mai da shi baya ya sake gani. Tsohon ya buga cinya, ya ce ashe abin nan ɗan Gure ne, ai jinkarsa ce yake kwancewa. Ya ce a gaya wa Nasaran nan da sun zo wurinsa tun farko da ba su sha wahalar sayen na'ura ba.

Ta ce amma abin da ita take bi shi ne tantanin ƙoƙon, wato fatar da aka yi shi da ita. Daga ina take fitowa, alhali babu abinci? Ƙoƙon ba ya iya yi wa kansa fata. A cikin ƙwayar akwai wani babban maƙwabci mai ninki-ninki kamar zanen da aka tattare, shi ke yin maiƙo. Sai ɗan ƙoƙon ya matsa ya jingina bakinsa da shi. A daidai inda suka taɓa juna akwai wani siririn abu kamar magudanar da ake ja daga rijiya zuwa fangali, ta nan maiƙon ke bi kaɗan-kaɗan, fatar tana ƙaruwa. Wasu maƙwabtan ma sukan matso su taɓa. Ta ce in suka toshe magudanar nan da gangan, ƙoƙon ya tsaya ke nan da baki buɗe, ƙwayar kuma ba ta jure yunwar.

Wannan ɓangaren bai dame shi ba. Idonsa na kan wani abu dishi-dishi da ƙoƙon ya rufe a cikinsa.

"Me ake naɗewa a ciki?"

"Abin da ya tsufa, Baba. Wanda ya gaji ya daina aiki."

"A kai shi ina?"

Ta ce akwai wani wuri kamar tumbi, can ake kai shi a narkar, a tsinci abin da ke da amfani a gina sabo. Tana faɗa da zaƙin bakin wanda aka tambaya abin da yake so. Ya miƙa mata salular, ya goge hannu a riga.

"Shi tsohon, ana tambayarsa?"

Sai a nan ta ji abin da kunnensa ya ji. Ta ce wallahi ba haka take nufi ba. Ya ce shi bai ce tana nufin komai ba, tambaya ya yi.

Ya miƙe, ya ce ta biyo shi. Suka ratsa rogo, suka wuce ɗan raken da ke gefen ƙasa mai laima, har gindin dabinai, inda tudun rairayi ya tsaya a kansu kamar bango. Nan ne hujjarsa ta ƙarshe take, kuma ya san ba ta da amsa.

Duk wanda ya tashi a kwari ya san macen dabino ba ta haihuwar kirki sai an yi mata aure. In sanyi ya shigo ta fasa fure, sai a yanko furen namiji, a hau ta da igiya a ƙugu, a cusa 'yan silalla cikin kowace zangarniya, a ɗaure da kaba. Namijin wannan gefen kwarin kuwa a garkar Bubakar yake, maƙwabcinsa na gabas, ɗan gidan makiyaya da ya zauna ya koyi ban ruwa. Al'adar kwari ce ba a hana fure. Ko ba ku ga-maciji da mutum, in ya miƙo hannu ta kan shinge, ka ba shi.

To, shekarar da Hamsatu ke kwance, shanun Bubakar suka karya shinge suka cinye rogon Ɗan Talata har saiwa. Aka je gaban mai gari, aka faɗi maganganun da ba su komawa ciki. Ɗan Talata ya rantse a gaban jama'a ko tsinke daga garkar Bubakar ba zai ƙara shiga tasa ba. Tun daga ranar bai karɓi fure ba, bai hau dabino ba. Gwiwa ma ta ƙi hawan a daidai lokacin, amma wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa. Abin da ke cikin labarin shi ne dabinan ba su fasa haihuwa ba. Kowace shekara fatake na zuwa da masu hawansu, su sauke kaya har jakuna su durƙusa.

Ya dafa doguwar da ke kusa da rijiyar baya, ya ce ta duba da kyau. Ba aure, ba hawa, ba roƙo. Iska ce ke kawo musu abin da suke so, don itace ya san mai shi. Ranar da ya sa ƙafa a kar ɗin nan, ranar za su daina. Ta je ta gaya wa Nafi'u haka, in kuma na'urarsu ta Faransa tana da bayani a kai, ta nemo.

Rumasa'u ta ɗaga kai sama ta daɗe tana kallo. Ta sauke kai. Ta ce masa ba dabino ya kawo ta ba. Ta ce tun watan jiya duk lokacin da salularta ta yi ƙara ta ga lambar Nijar, tsoro ke hana ta ɗauka. Ta ce ranar nan da matan itace ba su biyo ta nan ba fa? Ta ce ita da Nafi'u ba su da wani uban.

Ya ce to ta riƙa kashe salular.

Bai yi nufin ta yi zafi haka ba. Ya ga fuskarta ta canja, irin canjin da ta Hamsatu kan yi. Ta waiga, ta ɗauko doguwar gorar nan mai ƙugiya da ake kaɗo goriba da ita, ta miƙa ta cikin zangarniyar da ta fi sauka, ta yi ta laluba har ta maƙalo wani abu ta fizgo. Ya faɗo a kan rairayi. Ta ɗauka ta sa masa a tafin hannu.

Tsirin kaba ne, ɗanye, bai ko bushe ba, da silin furen namiji a maƙale. Idonsa bai nuna masa da yawa ba, amma yatsunsa suka bi ƙullin. Ba ƙullin manoma ba ne. Irin wanda ake ɗaure maraƙi da shi ne a turke, wanda ja ɗaya ke kwance shi.

Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba. Ta ce Dija, matar Bubakar, ce ta gaya mata jiya da ta je gaishe su. Duk ranar kasuwa a lokacin fure, in ya tafi bencin shayi, sai a tsallako shinge da igiya. Tun shekarar rantsuwar ake yi. An kuma ce wa Dija kada ta kuskura ya ji.

Ya juya kabar a hannunsa. Ya tuna fataken nan da masu hawansu, waɗanda ke zama a kan dabinan su yanke ɗaurin kafin su yanke kaya. Ya tuna yadda Ɗan Kasuwa kan cika masa kofi ya ce, "Baba, a ba baƙon nan labarin dabinon da iska ke wa aure," da yadda benci kan yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai cikin shayinsa. Shi da ya ɗauka mamaki ne ke rufe musu baki.

"Su wa suka sani?"

Ta jingine gorar a jikin dabinon.

"Uwata."

"Kowa, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya da ƙyar ya aje kabar a gindin dabinon, a hankali, kamar kayan aro. Ya ce azahar ta yi.

Bayan salla ya shiga ɗaki ya ɗauko buhun shinkafar da ya wofinta. Ya sa riguna, da bargo, da butarsa, da kwanon shan furar Hamsatu. Rumasa'u tana bakin ƙofa tana kallonsa, abin da aka turo ta yi yana yiwuwa a gabanta, amma ba ta ji daɗin ko ɗaya ba. Ta ce ya dakata. Ta ce ita ta faɗa ne don ya san garkar ba za ta mutu ba, ba don ta karya shi ba. Ta ce in yana son zama ya zauna, za ta san abin da za ta gaya wa Nafi'u, tunda ga shi akwai mai sa ido a kansa ta bayan shinge.

Ya ɗaure bakin buhun.

"Kujera biyu aka kama," ya ce.

Ba su bi ta kasuwa ba. Ya ja ta ta bayan gari, ta hanyar da rairayi ke cinye ƙafa, ya ƙi ta karɓi buhun. A hanya bai ba ta labarin komai ba, ita kuwa tun tana 'yar lakkwal, makarantar boko, ba ta taɓa tafiya da shi shiru ba.

A bakin guduro akwai mata masu tallan dabino da busasshen cuku, da wasu matafiya zaune kan kayansu. Can gefe, ƙarƙashin itacen bedi, wani dattijo siriri ke tsaye da sanda a kafaɗa. Ya ƙaraso ya gaisa da Rumasa'u, ya yi mata fatan sauka lafiya, ya koma ya tsaya ba kusa ba, ba nesa ba. Ɗan Talata bai dubi fuskarsa ba. Ya dubi hannuwansa, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk zanen ƙayar dabino, sabo a kan tsoho. Bubakar ma ba yaro ba ne. Gemunsa ya yi fari fat.

Kar ya iso da ƙugi, aparanti, yaron motar, ya jefa buhun a ƙasan mota. Tsohon ya hau matakalar ba tare da ya kama hannun kowa ba, ya zauna ta taga. Direba ya yi oda. Sai da injin ya ɗauka sannan ya tura gilashin gefe.

"Bubakar."

"Na'am, Malam Ɗan Talata."

"Doguwar nan ta bakin rijiyar baya. Ba ta son ɗauri mai tsauri."

"Na lura da ita," in ji Bubakar. Ya matso taku ɗaya. "In ta nuna zan aiko maka."

Ɗan Talata ya dafa bakin tagar. Motar ta ja. Ya ga mutumin yana ƙanƙancewa a bakin hanya da sandarsa, har kwana ta ɗauke shi.

Suka fita gari. Tuddai suka yi ta wucewa, jefi-jefi kan dabino ya leƙo daga wani kwari ya nutse. Wajen Gidigir ya ɗan farfaɗo, ya leƙa ta tsakanin kujeru ya ce wa mutumin da ke gabansu ko ya san shekarar da shanu suka zube daga nan har Alakos. Mutumin ya jingina kai da gilashi, bakinsa a buɗe, barci yake. Tsohon ya koma ya zauna.

Rana ta yi ƙasa, ta shigo musu ta gaban mota. Rumasa'u ta zaci shi ma barcin ya yi, har ta gyara masa hula. Sai ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, idonsa a waje.

"Uwata, ƙoƙon nan naku. In ya gama rufe baki, yana nan jingine da maƙwabcin?"

Ta so ta ce eh. Ta dube shi, ta ga amsar gaskiya yake jira.

"A'a, Baba. In ya rufe sai ya sake shi."

"To," in ji Ɗan Talata, ya ja gilashin ya rufe.